An Kwashe Kuɗin Yaya Yana Agadas: Ta Ina Ake Fara Bin Sawu?

Duk ɗan Illela ya san yadda ranar Lahadi take. Shanu da raƙuma daga Nijar, motocin albasa, 'yan canji riƙe da naira da saifa, ga turmutsutsun da mutum ba ya jin lokacin da hannu ya shiga aljihunsa. A irin wannan Lahadin aka zare mini wata ƙaramar waya, irin mai tocilan ɗin nan da ko dubu goma ba ta kai ba. Na yi tsaki, na ce Allah ya isa, na hau mota na dawo Sakkwato don ina da lakca ranar Litinin. Abin da ban kawo a raina ba shi ne layin da ke cikin wayar ba nawa ba ne. Na yayana ne da ke aikin kanikanci a Agadas, kuma da wannan layin ya buɗe asusunsa na banki. Ya bar mini shi ne don in riƙa sa masa kati kada ya mutu. Sai ranar Talata da dare na gaya masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ƙanena, mi ka ce? Wane layi?" Kafin gari ya waye mun gano naira dubu 640 sun fita, har da kuɗin rajistata na zango mai zuwa.

Na rubuta wannan ne saboda na san ba ni kaɗai ba ne a makarantar nan ke riƙe da layi ko katin ATM na wani da ke waje. Wani babansa yana Ƙonni ko Tawa, wata mijinta yana Jidda, wani yayansa yana Libiya ko Ghana, kuma ta asusun Najeriya ake turo kuɗin makaranta da na cefane. Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, har zuwa Maris ɗin 2024 da aka buɗe, mutane da yawa sun maƙale a can, asusunsu yana nan, su suna can. Haka aka yi a rufewar Agustan 2019, wadda sai a Disambar 2020 aka buɗe Illela tare da Seme da Maigatari da Mfum. Mai kuɗi yana wata ƙasa, layinsa yana aljihun wani: ɓarawo ba ya neman abin da ya fi haka.

Sai ka gane yadda satar ke faruwa kafin ka san inda za ka tare ta. A tsarin bankunanmu, layin waya shi ne makullin ɗaki. Ta nan alat ke shigowa, ta nan ake turo lambar sirri ta wucin gadi da ake kira OTP, kuma da shi aka ɗaure lambar BVN ɗin da aka fara bayarwa tun 2014. Wanda ya riƙe layinka zai iya duba tsofaffin saƙonni ya san bankinka da lambar asusunka, ya gwada lambar sirrinka ta USSD, ko ya sauke manhajar banki a wata waya ya ce ya manta lambar sirri, a turo masa OTP a layin da ke hannunsa. Yayana kuwa shekarar haihuwarsa ya sa a matsayin lambar sirri, kamar yadda rabin masu karanta wannan suka yi. Kada ka yi dariya, je ka canza taka.

Ba sai an saci waya ba ma. Akwai masu zuwa a yi musu walkam bak na layin da ba nasu ba da takardun bogi. Akwai kuma hanyar da ta fi cin mazauna waje: layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba. A ƙa'idar hukumar sadarwa ta NCC, layin da ya yi wata shida ba kira, ba saƙo, ba sayen kati ko data, kamfani na iya dakatar da shi, idan kuma aka ƙara wani tsawon lokacin ba a waiwaye shi ba, sai a sayar da lambar ga wani. Sabon mai layin ba laifin da ya yi, amma kwatsam sai ya fara ganin alat ɗin wani bawan Allah da ke Agadas. In mai tsoron Allah ne ya share, in ba haka ba kuwa ka san sauran. Sannan ga tsohuwar hanya, a kira ka a ce daga banki ne, BVN ɗinka ya sami matsala, ka karanto lambar da aka turo maka. Wanda ke waje ya fi saurin faɗawa wannan tarkon, don yana tsoron a rufe masa asusu alhali ba shi da halin zuwa reshe.

Abin ba ƙarami ba ne. Alƙaluman NIBSS, kamfanin da duk tiransifa tsakanin bankuna ke bi ta cikinsa, sun nuna an yi asarar sama da naira biliyan 17 ta hanyar zamba a 2023, a 2024 kuma abin ya haura biliyan 52.

To, an kwashe. Me ake yi?

Gaskiyar da ba a so a ji ita ce, awannin farko su ne kusan komai. Tiransifa a Najeriya tana isa cikin daƙiƙu, kuma ɓarawo ba ya barin kuɗi a inda suka fara sauka. Zai raba su gida uku ko huɗu, ya tura wasu asusun, daga can a cire a wurin masu POS, ko a sayi kati, ko a zuba a caca ta intanet. Abin da ake iya cetowa shi ne wanda aka tarar bai fita ba. Kwana biyun da na yi shiru su suka fi cutar da mu, ba ɓarawon ba.

Don haka matakin farko ba kuka ba ne, ba kuma zuwa ofishin 'yan sanda ba ne. Rufe asusun ne. Tun 2018 Babban Bankin Najeriya, CBN, ya fitar da ƙa'idar amfani da USSD, kuma bankuna suna da lambar da ake dannawa a rufe asusu daga kowace waya, ba lallai sai layin mai asusun ba. Da yawansu da 911 suke ƙarewa; ka nemi ta bankinku a shafinsu ka rubuta a bayan littafinka yau. Sai dai ga inda mazaunin waje ke tuntuɓe: wannan lambar ba ta aiki a layin Nijar ko na Saudiyya. Wanda ke Ƙonni wani lokacin yakan kama sabis ɗin Najeriya in ya matso bakin iyaka, amma na Agadas ko Yamai dole ya kira wani a gida ya danna masa. Wannan wanin kuwa sau da yawa kai ne, ɗalibin gidan. A lokaci guda a kira kamfanin waya, lambar 300 ce yanzu a duk layukan, a ce a toshe layin. In sun yi jan ƙafa, 622 ce lambar kai ƙara ga NCC.

Mataki na biyu shi ne wanda mutane ba su sani ba, kuma shi ne mai dawo da kuɗi. Tun 2015 CBN ya wajabta wa kowane banki ya kasance yana da sashen yaƙi da zamba da ke aiki dare da rana. Aikinsu shi ne da zarar an kai rahoto, su tuntuɓi bankin da kuɗin ya sauka, a sa wa wancan asusun takunkumin hana cirewa, abin da ma'aikatan banki ke kira PND. Kuɗi na iya shiga, amma ba sa fita. Don haka in ka kira, kada ka tsaya dogon labarin yadda aka zare waya a kasuwa. Ka ce zamba ce, ga lambar asusu, ga lokacin da kuɗin suka fita, ga adadin, a sanar da bankin da ya karɓa. Kowace tiransifa tana da doguwar lamba mai alƙaluma 30 da ake rubuta Session ID a kan rasit. Da ita ake bin sawun kuɗin daga wannan banki zuwa wancan. In ba ka da ita, ka nemi banki ya fitar da ita daga sitetmen.

Kira kaɗai ba ya wadatarwa. Mai asusun ya tura imel daga adireshin da bankin ya sani, ya rubuta komai a taƙaice, ya nemi a ba shi lambar bin diddigin ƙorafi. Wannan lambar haƙƙinsa ce, dokar CBN ce ta ce a bayar, kuma in babu ita, gaba za a ce ba a san da maganar ba. Mu mun sha wannan. Na je reshe a nan Sakkwato, wata ma'aikaciya ta saurare ni da kyau, ta ce Allah ya kyauta, ta ce sai mai asusun ya zo da kansa. Na fita ba takarda, ba lamba. Sai da yaya ya samu wani mai shagon kwamfuta a Agadas ya taya shi tura imel aka fara ɗaukar maganar da muhimmanci.

A nan zan ɗan tsaya, don batun "sai ya zo da kansa" shi ne babban dutsen da ke gaban duk mai zama waje. Bankin ba mugunta yake yi ba. In da kowa zai iya shiga ya ce shi ƙanen wane ne a ba shi bayanin asusu, da ɓarayin ma haka za su yi. Mafita ita ce takardar wakilci: mai asusun ya rubuta cewa ya wakilta wane ya bi masa wannan magana a banki da wurin 'yan sanda da kotu, ya sa hannu, a buga hatimi a wurin lauya mai ikon shaida ko a ofishin jakadancin Najeriya, kamar wanda ke Yamai ko ƙaramin ofishin da ke Jidda, a haɗa da kwafin katin shaidarsa. Daga Agadas zuwa Yamai tafiya ce ta kusan kilomita dubu, don haka yaya ya ga gara ya rufe gareji ya biyo ta Tawa da Ƙonni ya shigo da kansa. Kwana tara ya yi ba aiki. Da tun kafin ya tafi ya bar takardar wakilci a gida, da bai yi wannan asarar ta biyu ba. Wanda iyayensa ko yayyensa ke shirin komawa bayan Sallah, wannan ita ce maganar da ya kamata ku yi kafin a hau mota.

Sai 'yan sanda da kotu. Mutane suna ɗauka da an sa takunkumi a asusun ɓarawo, shi ke nan banki zai dawo da kuɗin. Ba haka ba ne. Bankin da ya karɓa ba shi da ikon ɗebe kuɗi daga asusun kastomansa ya ba wani don kawai an yi zargi. Ko dai mai asusun ya amince a rubuce, ko a kawo umarnin kotu. Takunkumin ma ba ya daɗewa in babu takarda a bayansa. Shi ya sa ake buƙatar rahoton 'yan sanda, da takardar rantsuwa daga babbar kotu, sannan lauya ko ɗan sanda mai bincike ya nemi kotu ta ba da umarnin riƙe kuɗin da mayar da su. Ana iya kai ƙara ga EFCC ma, suna da ofishin shiyya a nan Sakkwato, kuma ba a biyan ko kwabo don shigar da ƙorafi. Rundunar 'yan sanda tana da cibiyar yaƙi da laifukan intanet a Abuja. Dokar da ake hukunta irin waɗannan ɓarayi da ita ita ce ta laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Ra'ayina, in kuɗin ba su kai a ce an kashe wa lauya ba, a fara da banki da 'yan sanda. In sun yi yawa, a nemi lauya tun makon farko, don shi ya san ƙofar da ake bugawa a kotu.

In banki ya yi shiru fa? Ka'idar ita ce ka ba shi mako biyu daga ranar da ka kai ƙorafi. In bai warware ba, ko amsar da ya bayar ba ta gamsar ba, sai a rubuta wa Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na CBN. Ana tura imel zuwa cpd@cbn.gov.ng, ko a kai takarda reshen CBN mafi kusa, akwai a Sakkwato. A sa suna da lambar waya, sunan banki, ranar da abin ya faru, adadin kuɗi, lambar bin diddigin nan, da kwafin duk abin da aka tura. Wannan mataki ne da mazaunin waje zai iya yi daga inda yake ba tare da ya taka iyaka ba. Amma CBN ba ya karɓar ƙarar da ba a fara kai wa banki ba, za su mayar da kai baya.

Tambayar da kowa ke yi ita ce, bankin zai biya daga aljihunsa? Ya danganta da inda ɓarakar ta fito. In kai ka karanta wa wani OTP, ko ka ba da lambar sirri, ko ka bar layi ba kulle, bankin zai ce sakacinka ne, kuma da wuya ka ci nasara. In kuwa kuɗin sun fita bayan ka riga ka kai rahoto, ko an ɗaga iyakar abin da asusun ke iya turawa ba da izininka ba, ko an canza lambar wayar da ke kan asusun ba tare da saninka ba, to kana da magana mai ƙarfi. Ƙa'idar USSD ta 2018 ta ce naira dubu 100 ce iyaka a rana sai in mai asusu ne ya nemi a ƙara, kuma abin da ya haura dubu 20 sai da tabbaci na biyu. Don haka ka duba sitetmen da kyau: ta wace hanya kuɗin suka fita, ƙarfe nawa, kuma ƙarfe nawa ka kira? Shi ya sa ake ajiye hoton kowane kira da kowane imel. Kada kuma wani ya ruɗe ka da NDIC. Inshorar da suke bayarwa, wadda aka ɗaga zuwa naira miliyan 5 a 2024 ga masu ajiya a manyan bankuna, ta lokacin da banki ya rushe ce, ba ta wanda aka yi wa sata ba.

Akwai kuma ɓarayin zagaye na biyu. Da ka rubuta a Facebook cewa an kwashe maka kuɗi, za ka ga masu sharhi suna cewa sun san wani gwani da ke dawo da kuɗi cikin awa guda, ko wani shafi mai tambarin banki ya turo maka saƙo a ɓoye yana neman lambar katinka. Wani ma ya kira yaya ya ce shi jami'i ne, a turo dubu 50 na man mota a kamo yaron. Ba wanda ke iya shiga asusun wani ya juyo da kuɗi in ba bankin ba, bankin ma sai da takarda.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da ɗan sanda mai binciken ya nuna mana sunayen asusun da kuɗin suka sauka. Ɗaya daga ciki na wani yaro ne ɗalibi a wata makaranta, bai fi sa'ana ba. Da aka same shi ya ce wani abokinsa ne ya ce a ara masa asusu za a turo masa kuɗin kasuwanci, ya ba shi dubu biyar na shan ruwa. Bai san yaya ba, bai taɓa zuwa Illela ba, amma sunansa da BVN ɗinsa ne a takarda, kuma shi ya kwana a bayan kanta. Ku da kuke karɓar irin wannan tayin a hostel, ku sani akwai jerin sunayen da ake sa BVN ɗin waɗanda aka samu da hannu a zamba, kuma duk bankuna suna gani. Wanda ya shiga ciki zai sha wuya wajen hulɗa da banki, ga shi alawus ɗin NELFUND da na bautar ƙasa duk ta asusu suke biyowa.

Mu dai bayan kusan wata huɗu, da zuwa kotu sau uku, an dawo da naira dubu 210, wato abin da takunkumin ya tarar a asusu biyu. Sauran an cire su a wurin masu POS tun daren Litinin, lokacin ina zaune ina kwafar darasi. Rajistata sai da kawu ya sayar da tumaki biyu aka biya.

Kafin yaya ya koma mun zauna mun gyara abubuwa. Ya yi walkam bak, ya sa wa sim ɗin kansa lambar kulle, wadda ko an cire shi an sa a wata waya ba zai buɗe ba sai da ita. A saitin waya ake yi, minti biyu ne. Ya je reshe ya ce a kashe masa USSD gaba ɗaya, a rage iyakar abin da ake iya turawa a rana, a riƙa turo masa alat ta imel, wanda zai gani ko'ina yake in akwai data. Ya raba kuɗinsa gida biyu: asusun ajiya da ba shi da kati ba shi da manhaja, da ƙaramin asusu na hidimar gida. Ya bar takardar wakilci a hannun kawu. Layin kuma ya tafi da abinsa a waya mai sim biyu, ya kunna romin, yana sa kati duk wata yana tura saƙo ɗaya don kada ya mutu. Da na ce ya bar mini in riƙe masa kamar da, sai ya kalle ni ya ce, "Kai dai riƙe littafinka."